Ido Ɗaya Ba Ya Auna Zurfi: Abin Da Masu Taswirar Duniyar Mars Suka Riga Mu Ganewa

Masu iya magana sun ce gani ya kori ji, kuma ba ni da ja a kan haka idan maganar cinikin doki ake yi ko rigimar iyakar gona. Amma a wannan zamani da hoto ya zama shaidar da kowa ke zarowa daga aljihu domin ya rufe bakin abokin gardamarsa, ya kamata mu tsaya mu tambayi kanmu: wane irin gani ne ya kori ji, na ido ɗaya ko na ido biyu? Tambayar ta yi kama da wasa, amma a kanta ne aka kafa wani fanni na ilimi da ya lashe maƙudan kuɗi a duniyar Mars, kuma, kamar yadda mai karatu zai gani a gaba, tana da alaƙa da ruwan da ke cin mu a cikin gidajenmu duk damina.

Bari in fara da labarin da wasunmu suka taɓa ji. A ranar 25 ga Yulin 1976, kumbon Viking 1 na hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, wato NASA, yana cikin kewaya duniyar Mars, wadda malaman taurari na da ke kira Mirrihi, ya ɗauki hoton wani yanki mai suna Cydonia. Da hoton ya iso sai ga wani abu kamar fuskar mutum tana kallon sama, da ido da hanci da baki, tsawonta ya kusa kilomita 2. Tun a lokacin masanan hukumar suka bayyana cewa wasan haske ne da inuwa, domin rana ta yi ƙasa sosai sa'ad da aka ɗauki hoton, kuma kowane ɗigo a cikinsa yana wakiltar kusan mita 50 na ƙasa. Amma ina! Fiye da shekara 20 aka shafe ana rubuta littattafai, ana shirya taruka, ana zargin gwamnatin Amurka da ɓoye gine-ginen wasu halittu. Sai a 1998 da 2001 kumbon Mars Global Surveyor ya sake ɗaukar wurin da kyamarar da ta fi ta Viking kaifi nesa ba kusa ba, sannan a 2006 kumbon Mars Express na ƙasashen Turai ya fitar da siffar wurin ta kowace kusurwa, da tsayinsa da gangarensa. Abin da ya bayyana tsauni ne mai faffaɗan kai wanda zaizaya ta ci gefensa, irin wanda matafiyi ke wucewa a hanya ba tare da ya waiwaya ba. Ashe kallon kitse aka yi ta yi wa rogo.

To, me ya bambanta hoton 1976 da aikin 2006? Kaifin kyamara ya taimaka, babu shakka. Amma babban bambancin shi ne na farko kallo ne, na biyu kuwa awo ne.

Mai karatu zai iya gwada asalin dabarar a inda yake zaune. Ka miƙe hannunka, ka ɗaga babban yatsa, ka rufe idon hagu, sannan ka buɗe shi ka rufe na dama. Za ka ga yatsan ya yi tsalle daga wuri zuwa wuri, alhali bangon da ke bayansa da ƙyar ya motsa. Abin da ke kusa tsallensa ya fi yawa, na nesa kuwa kaɗan ne. Tazarar da ke tsakanin idanun mutum ba ta wuce santimita 6 zuwa 7 ba, amma daga wannan ɗan bambanci na abin da kowane ido ya gani ƙwaƙwalwa ke lissafa nisa, shi ya sa wanda aka ɗaure wa ido ɗaya ke shan wahala wajen zura zare a allura ko tsiyaya shayi a kofi. Wani masani ɗan Ingila, Charles Wheatstone, shi ne ya bayyana wannan a rubuce a 1838, har ya ƙera na'urar madubai da ke nuna wa kowane ido nasa zanen, sai mutum ya ga abu ya taso daga takarda. Daga baya masu aikin safiyo suka ɗauki dabarar suka hau jirgin sama da ita: jirgi na tafiya yana ɗaukar hotuna a jere, kowane hoto yana maimaita kusan kashi 60 cikin 100 na abin da wanda ya gabace shi ya ɗauka. Waɗanda suka yi karatun labarin ƙasa a jami'a a zamaninmu za su tuna wani ɗan tabarau mai ƙafafu da ake ɗorawa a kan hotuna biyu na jirgin sama. Sai ka yi ta lumshe ido, kana matsar da hoto ɗaya a hankali, kana jin haushin malamin da ya ce za ka ga wani abu, can kwatsam sai duwatsu su miƙe tsaye, kwari ya rufta ƙasa, har ka ji kamar ka sa yatsa a ciki. Ni dai ban manta ranar da hakan ta faru da ni ba.

Hoto guda da aka ɗauka daga sama ba shi da wannan. Inuwa ce kaɗai ke gaya maka ina ne tudu ina ne rami, inuwa kuwa ba shaidar da za a dogara da ita ba ce. Ka ɗauki hoton wani rami na saman Wata ka juya shi ƙasa ta koma sama, nan take ramin zai zama tudu a idonka, saboda ƙwaƙwalwa ta saba ɗauka cewa haske daga sama yake zuwa. Idan har juya takarda zai mayar da rami tudu, to da wane dalili za a sauke kumbon biliyoyin daloli bisa abin da hoto ɗaya ya nuna?

Hanya biyu masu binciken Mars suka bi suka sama wa kumbunansu ido na biyu. Jamusawa suka bi ta farko. Kyamararsu mai suna HRSC, wadda cibiyar binciken sararin samaniya ta Jamus ta ƙera ƙarƙashin jagorancin marigayi Farfesa Gerhard Neukum, tana da layukan gani guda 9 a bayan madubi ɗaya. Wani layi yana kallon ƙasa kai tsaye, wasu suna hangen gaba, wasu suna waiwayen baya, na can ƙarshe sun karkata da kusan digiri 19. Saboda haka yayin da kumbon ke wucewa, kowane dutse ana ganin sa daga gaba, sannan daga sama, sannan daga baya, duk a cikin 'yan mintoci, a ƙarƙashin hasken rana iri ɗaya. Wani abin lura a tarihin wannan kyamara shi ne, tun asali an yi ta ne domin kumbon Rasha mai suna Mars 96, wanda ya kasa barin kewayen duniyarmu ya faɗo a Nuwamban 1996. Tagwaiyarta da aka ajiye ita ce aka gyara aka ɗora wa Mars Express, wanda aka harba a Yunin 2003 ya isa Mars a Disambar wannan shekara. Kayan ajiya ke nan ya zama ɗaya daga cikin na'urorin da suka fi daɗewa suna aiki a can.

Amurkawa kuwa suka bi ta biyu. Kumbonsu Mars Reconnaissance Orbiter, da aka harba a Agustan 2005 ya isa a Maris na 2006, yana ɗauke da kyamarar HiRISE wadda Jami'ar Arizona ke kula da ita. Madubinta faɗinsa rabin mita ne, kuma daga nisan kusan kilomita 300 kowane ɗigo na hotonta yana wakiltar santimita 25 zuwa 30 na ƙasa, wato za ta iya rarrabe dutsen da bai fi teburin ofis girma ba. Ido ɗaya gare ta, don haka idan ana son awo sai a ɗauki hoton wuri yau, a jira kwanaki ko makonni har kumbon ya sake biyowa ta kusa, sannan a karkata kumbon gaba ɗayansa ya leƙi wurin ta gefe. Kwamfuta ce ke bin hotunan biyu ɗigo bayan ɗigo tana neman dutse ɗaya a nan da can, tana auna tsallen da ya yi, kamar dai tsallen yatsan nan. Abin da ke fitowa shi ne taswirar tudu da kwari wadda ke ba da lambar tsayi a kowace mita ɗaya ko biyu na ƙasa.

Sai dai kada a ɗauka abin yana da sauƙi kamar faɗinsa. Hotuna biyu suna iya gaya maka wannan wuri ya fi wancan tsayi da mita 10, amma ba za su gaya maka tsayin duka biyun daga wani ma'auni na bai ɗaya ba, musamman a duniyar da babu teku balle a ce daga bakin teku za a fara ƙirga. Wannan gurbi na'urar MOLA ce ta cike shi, wadda ke kan Mars Global Surveyor: ta riƙa harba hasken leza ƙasa tana auna lokacin da yake ɗauka kafin ya dawo, kuma kafin ta daina wannan aiki a 2001 ta tara awo sama da miliyan 600. Awonta daidai ne ƙwarai, amma a warwatse yake, da tazarar kusan mita 300 tsakanin harbi da harbi, don haka aka mayar da shi turakun da ake ɗaure taswirorin hotuna a jikinsu. Bugu da ƙari, inda ƙasa ta yi sumul da ƙura babu dutse babu tabo, kwamfuta ba ta samun abin kamawa, sai ta cika wurin da shirme wanda dole ɗan'adam ya zauna ya gyara da hannu. Idan guguwar ƙura ta taso tsakanin hoton farko da na biyu, ko raɓar ƙanƙara ta sauka, ko inuwa ta sauya gefe, aikin ya lalace. Kuma duk hoto na biyu da aka ɗauka na wurin da aka riga aka gani, asarar damar ganin sabon wuri ce, ga shi faɗin hoton HiRISE bai wuce kilomita 6 ba, kuma ɗan kaso kaɗan na doron Mars ta iya rufewa a duk tsawon shekarun aikinta. Wanda ya ce wannan maimaici almubazzaranci ne, ba za a ce bai yi tunani ba. A nawa ra'ayin dai ya yi kuskure, kuma ga hujjata.

A 2011 aka wallafa labarin wasu baƙaƙen zirara da ke bayyana a gangaren wasu ramuka na Mars idan yanayi ya yi ɗumi, su riƙa tsawo a hankali suna gangarawa, su dushe idan sanyi ya shigo, su sake dawowa wata shekara. Wanda ya fara lura da su ɗalibi ne mai neman digirin farko a Jami'ar Arizona, ɗan asalin ƙasar Nepal, mai suna Lujendra Ojha, yana cikin kwatanta hotunan wuri ɗaya da aka ɗauka a lokuta daban-daban. Duk wanda ya kalli hotunan abin da zai fara zuwa ransa shi ne jiƙar bango bayan ruwan sama. A ranar 28 ga Satumban 2015 NASA ta kira taron manema labarai ta ce an sami alamun gishiri mai riƙe danshi a wuraren, kuma wannan hujja ce mai ƙarfi cewa ruwa mai gishiri yana gudana a Mars a wannan zamani. Duniya ta ɗauka. Gidajen rediyon da muke saurare da safe duk sun kawo labarin, kuma na tabbata har yau akwai masu ilimi a cikinmu da ke riƙe da shi a matsayin zancen da aka gama.

Shekara biyu bayan haka, a 2017, Colin Dundas na hukumar binciken ƙasa ta Amurka da abokan aikinsa suka yi abin da ba ya jan hankalin 'yan jarida. Suka ɗauko taswirorin tudu da kwari da aka haɗa daga tagwayen hotunan HiRISE, suka bi zirara 151 a wurare 10, suka auna karkatar ƙasa a daidai inda kowane ziri ya tsaya. Sai suka tarar kusan dukkansu sun ƙare ne a gangaren da karkatarsa ta haura digiri 27. Mai karatu ya dubi tsibin gero a kan tabarmar 'yar kasuwa, ko yashin da tifa ta juye a bakin gini. Komai yawan abin da aka ƙara, gefen tsibin ba ya wuce wata karkata: idan ya fi ta miƙewa sai ya zube, idan ya kai ta sai ya tsaya. Wannan ɗabi'ar busasshen abu mai ƙwayoyi ce. Ruwa kuwa ba haka yake ba, domin ko a gangare mai laushi zai ci gaba da malala, kuma inda ya fi yawa zai fi yin nisa. Zirara da ke tsayawa cak a daidai inda yashi ke tsayawa sun fi kama da zubewar busasshen rairayi da ƙura. A shekarar da ta biyo baya wasu masana suka nuna cewa alamar gishirin ma tana iya kasancewa tangarɗa ce ta yadda aka sarrafa bayanan na'urar da ta gano ta. Masana na ci gaba da muhawara a kan abin da ke tayar da zubewar a kan lokaci duk shekara, amma rinjayen ra'ayi ya koma ga busasshiyar ƙasa. Labarin 2015 ya zagaya duniya a yini guda, gyaran 2017 kuwa mutum nawa ne ya ji shi? Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, in ji Hausawa. A wannan karon idon bai san kimar ba, sai da aka kawo mudun.

Hujja ta biyu ita ce saukar motar bincike ta Perseverance a ramin Jezero ranar 18 ga Fabrairun 2021. Ramin, mai faɗin kusan kilomita 45, tsohon tafki ne, kuma a gefensa na yamma akwai jibgin laka da yashi irin wanda kogi ke tarawa a inda ya faɗa cikin tafki. Masana suna ƙwaɗayin wurin saboda irin wannan laka ce ke adana alamun rai idan an taɓa yin sa, injiniyoyi kuwa suna tsoron sa saboda gaɓoɓi da manyan duwatsu da tudun rairayi. Saƙon rediyo a ranar yana ɗaukar fiye da minti 11 kafin ya iso duniyarmu, saukar kuma gaba ɗayanta kusan minti 7 ce, saboda haka babu wani direba a Amurka da zai iya murɗa sitiyari. Abin da aka yi shi ne aka loda wa kumbon taswirar da aka haɗa daga hotunan HiRISE da na abokiyar aikinta CTX, waɗanda aka miƙar da su daidai bisa awon tudu da kwari, aka yi wa duk wuri mai haɗari alama. Yana saukowa a ƙarƙashin lema yana ɗaukar hoton ƙasa, yana kwatantawa da taswirar, ya gane inda yake, ya zaɓi wuri mai lafiya da kansa, ya sauka 'yan mitoci kaɗan daga inda ya nufa. Aikin da ya ci sama da dala biliyan 2 ya rataya ne a wuyan mutanen da suka shafe watanni suna daidaita hoto da hoto, waɗanda ba a nuna fuskarsu a talabijin.

Sauran amfanin ba sai na tsawaita ba. Da awon tsayi aka san cewa dutsen Olympus Mons, wanda a hoto yake kama da faifan da aka kife, ya haura kilomita 21, wato ya ninka Chappal Waddi na jihar Taraba kusan sau 9, da kuma cewa kwarin Valles Marineris, wanda tsawonsa ya zarce nisan Dakar zuwa Njamena, ya kai zurfin kilomita 7 a wasu wurare. Da tagwayen hotuna aka auna a 2012 yadda tudun rairayi ke tafiya a yankin Nili Patera. Japan ta yi irin wannan aiki a Wata da kumbon Kaguya a 2007, Indiya ma ta yi da Chandrayaan-1 a 2008, kuma hotunan da Chandrayaan-2 ya ɗauko suna cikin abin da ya share wa Indiya hanyar sauka kusa da kudancin Wata a Agustan 2023.

Na san abin da wani zai ce: Malam, mutane na fama da tsadar masara, kai kuma kana kai mu Mirrihi. Zan iya amsa masa da raha cewa Mirrihin ce ta fara zuwa wurinmu, domin a Oktoban 1962 wani dutse mai nauyin kusan kilo 18 ya faɗo a gona a Zagami ta ƙasar Katsina, wanda daga baya aka tabbatar ɓallen duniyar Mars ne, kuma sunan ƙauyen ya shiga littattafan kimiyya na duniya. Amma amsar gaskiya ta fi wannan ɗaci.

A Satumban 2024 madatsar ruwa ta Alau da ke kan kogin Ngadda ta ɓalle, ruwa ya mamaye babban ɓangare na Maiduguri cikin dare, ya raba dubban ɗaruruwan mutane da gidajensu, shekara 30 cif bayan ambaliyar 1994 da ta fito daga wuri guda. A ƙarshen Mayun 2025 ambaliyar Mokwa ta jihar Neja ta kashe fiye da mutum 150. Kafin su an yi ta 2012 da ta 2022 a kwarin Neja da Binuwai, wadda ta biyun ta ci rayuka sama da 600. Ba ina cewa taswira za ta hana madatsa fashewa ko ta tsayar da ruwan sama ba ne. Abin da nake cewa shi ne, ruwa ba ya bin sunan unguwa, gangare yake bi, kuma tambayoyin da ke ceton rai duk tambayoyin tsayi ne: wace unguwa ruwa zai fara isa, cikin awa nawa, zai kai gwiwa ko zai shanye rufi, wace makaranta ce ke kan tudun da za a kwashe mutane zuwa can, wane fili ne bai kamata a yanka wa kowa ya gina gida ba komai ƙarfin wanda ya nema.

To da me muke amsa waɗannan tambayoyi? Da yawa daga cikin taswirorinmu masu ma'aunin 1:50,000 an zana su ne daga hotunan jirgin sama na shekarun 1950 zuwa 1970, lokacin da yawancin unguwannin da ruwa ke ci yau gonaki ne da fadamu. Abin da ɗalibi ko ma'aikacin tsara birane zai iya saukewa kyauta daga intanet kuwa shi ne irin awon da kumbon Endeavour ya yi da na'urar rada a Fabrairun 2000, wanda sai a 2014 aka saki mai tazarar mita 30 na Afirka, ko na kyamarar ASTER ta Japan da ke kan tauraron Terra, wadda ke aiki da dabarar nan ta kallo ƙasa da waiwaye, ko makamantansu. Dukkansu lamba ɗaya suke bayarwa a kowace mita 30, kuma kuskurensu a tsayi yana kai mitoci. A ƙasar duwatsu wannan ba laifi. Amma a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa irin ta Borno ko fadamun Haɗeja, inda bambancin mita guda ke raba gidan da ya tsira da wanda ya rushe, kuskuren mita uku daidai yake da rashin awo. Abin nufi, duk mai intanet zai iya samun awon ramin Jezero, inda babu ko mutum ɗaya, wanda ya fi na Gwange ko Gamboru da zai samu kyauta ƙanƙanta da inganci nesa ba kusa ba. Idan akwai wanda ya fi wannan a kulle a durowar wani ofis, to bai amfani mai unguwar da aka tasa da tsakar dare ba.

Kuma ba wai ba mu taɓa shiga sararin samaniya ba. An kafa hukumar NASRDA a 1999, aka harba NigeriaSat-1 a Satumban 2003, mai ɗigo na mita 32, sannan NigeriaSat-2 da NigeriaSat-X a Agustan 2011, na farkon yana gani har zuwa mita 2.5, na biyun kuma injiniyoyinmu ne suka haɗa shi a Surrey ta Ingila. Abin alfahari ne, ban raina ba. Amma ka lura da yadda muke tattauna irin waɗannan abubuwa: ranar harbawa ake biki, sai a nuna wa shugabanni kyakkyawan hoton Abuja daga sama, a tafa, a watse. Ban cika jin wani ɗan majalisa ko ɗan jarida ya tambayi murabba'in kilomita nawa na kwarin kogunanmu aka mayar taswirar tudu da kwari ba, ko wace ƙaramar hukuma ce aka miƙa wa. Mun ɗauki tauraron ɗan'adam a matsayin mai hoto na biki, alhali ma'aikacin safiyo ne. Hasali ma ba dole sai ka mallaki tauraro kafin ka yi wannan aiki ba. Taurarin kasuwanci irin su Pléiades na Faransa, masu ɗigo na rabin mita, suna ɗaukar wuri ɗaya ta kusurwa biyu ko uku a wucewa guda, kuma suna sayar wa duk wanda ya biya. Abin da ba a saye a kanti shi ne mutumin da ya iya haɗa hotunan, ya san inda kwamfuta ta yi ƙarya, ya fita da na'urarsa cikin rana ya kafa turakun awo a ƙasa, irin aikin da MOLA ta yi wa Mars.

A nan ne nake ganin Mars za ta yi mana rana kai tsaye. Hotunan HiRISE da CTX da HRSC a buɗe suke ga kowa, kyauta, a rumbunan NASA da na hukumar Turai. Manhajar da cibiyar Ames ta NASA ta rubuta domin haɗa tagwayen hotuna ita ma kyauta ce, kuma da ita ake sarrafa hotunan duniyarmu. Babu izinin tsaro da za a nema, babu itatuwa ko rufin kwano da za su rikita mai koyo. Ɗalibin safiyo ko labarin ƙasa a Zariya ko Kano ko Maiduguri ko Yamai, da kwamfuta mai ɗan ƙarfi da wutar da za ta riƙe ta, zai iya koyon aikin tun daga farko har ƙarshe a kan wani rami na Mars, ya kwatanta sakamakonsa da wanda ƙwararrun Arizona suka wallafa, ya ga inda ya kuskure, sannan ya juyo da hannunsa kan kogin garinsu ko tudun rairayin da ke matsowa gonakin Yusufari. Muna da tushe: makarantar safiyo ta tarayya da ke Oyo, da cibiyar horarwa ta Ile-Ife da aka kafa a 1972 wadda yanzu ake kira AFRIGIST, da sassan safiyo na jami'o'i da kwalejojin kimiyya da fasaha. Abin da ya rage shi ne shugabannin sassan su daina karɓar kundin kammala karatu da bai wuce an sauke hoton tauraro an shafa masa launi an rubuta "ciyayi" da "gine-gine" ba, su nemi ɗalibi ya kawo lambar tsayi kuma ya faɗi iyakar kuskurenta.

Gwamnatocin jihohi kuwa, musamman Borno da Jigawa da Neja da Kebbi da Adamawa, ba sai sun jira Abuja ba. Jiha za ta iya fara da babban birninta da garuruwan da ke ƙasan madatsun ruwa, ta sayi tagwayen hotuna, ta ba jami'arta aikin tare da ofishin babban safiyo na jiha, ta shar'anta cewa sakamakon a buga shi a manna a sakatariyar kowace ƙaramar hukuma da ƙofar hakimi. A cikin gari dole a haɗa da awon ƙasa ko jirage marasa matuƙi, domin kyamara rufin gida take gani ba daɓen tsakar gida ba. Sannan a kula da lokaci, domin yadda guguwar ƙura ke ɓata wa masu Mars aiki haka gajimaren damina da hazon hunturu ke ɓata namu. Sararin da ke tsakaninsu ɗan ƙanƙane ne, daga ɗaukewar ruwa a Oktoba zuwa kafin hazo ya yi kauri a Disamba, wanda ke nufin kuɗin aikin sai sun fito tun ana tsakiyar damina, ba a ƙarshen shekara lokacin da ake rige-rigen rufe littafin kasafi ba.